Kunyar Suruki a Bakin Zarto

Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa a waya wai aikin namu ba komai ba ne, wannan ya tura katako, wancan ya ja, shi ke nan. Na ji shi sarai, domin har yanzu kunnuwana suna aiki, kuma ba haka kawai suka kawo yau suna aiki ba. To ku ajiye wayoyin nan ku matso. Wuta ba ta dawo ba, injin a kashe yake, ba ku da inda za ku. Kai mai jar hula, cire igiyar nan daga kunnenka, waƙar ba za ta gudu ba.

Katakon farko da ni Ya'u na ja a rumfar nan itacen malaina ne, tu-bai-fo, wato mai awon inci biyu da huɗu, na wani mai gyaran ɗakin kaji. Kafin ranar na daɗe ban taɓa komai ba sai shebur da buhu, ina kwashe garin katako daga ƙarƙashin tebur ina ɗura wa mata masu abincin sayarwa. Mai gidana shi ne Baba Ɗanladi, mutumin unguwar Wambai, dogo siriri, wanda ba ya dariya kafin azahar. Rumfar ba tasa ba ce. Ta wani mutumin kudancin Kaduna ce, da ya rasu matarsa Madam Rifkatu, tsohuwar malamar makaranta, ta ci gaba da riƙewa. Amma zarton na Baba ne. Shi ke wasa haƙoransa da magagari, shi ke ɗaure bel ɗin da ke juya shi, shi kaɗai ke tsayawa a bayan tebur yana tura katako cikin faifan zarton. Ni ya tsayar a gaba, inda katakon ke fitowa a tsage, ya ce in ja. Na ja da ƙarfina na samartaka, katakon ya karkace, kai ɗaya ya fito da kauri, ɗayan ya fito siriri. Baba ya kashe injin, ya ɗaga katakon ya auna shi da ido ɗaya, sannan ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, guga ka zo ja a rijiya?"

Abin da ya koya mini ranar shi ne abin da har yau ban gama koya muku ba. Mai ja karɓa yake yi, kuma shi ne idon mai turawa. Wanda ke baya yana ganin inda haƙori zai shiga, amma abin da ke faruwa bayan ya shiga na gaba ne ke gani. Akwai itacen da in ka tsaga shi sai ya buɗe ya bar ka ka wuce. Akwai kuma mai taurin kai, irin ƙirya da maɗobiya, musamman in ɗanye ne, wanda kana tsagawa yana komawa yana haɗewa ta baya. In ya haɗe ya matse faifan zarto, faifan ba ya shawara da kowa, cillo katakon yake yi da baya, kai tsaye zuwa cikin mai turawa. Shi ya sa mai ja ba ya rabuwa da fegi, wato ɗan guntun itace mai tsini, a aljihu, da ya ga tsagar tana rufewa sai ya cusa. In abin ya fi ƙarfin fegi sai ya yi magana, mai turawa ya tsaya cak. Haƙarƙarin mai turawa a bakin mai ja yake, ku riƙe wannan.

A zamanin ba wanda ke rufe kunne. In ka cusa auduga sai a yi maka dariya a ce rago ya shigo layin 'yan katako. Baba kuwa da kunne yake rabin aikinsa. Yana zaune a teburin mai shayi zai ji kukan zarto ya ajiye kofi ya taso, ya ce haƙoran sun dakushe, a kashe. In bel ya saki zai ji, in katako ya fara matsewa zai ji muryar faifan ta yi nauyi. Ni kuma ihu nake yi masa yadda na ga dama. "Baba, tsaya!" "Baba, sassauta!" Yaron shago ne ni, ba wanda ya ga laifina, shi ma in na yi shirme haka yake zazzaga mini har a ji a bakin titi.

Sai Allah ya ƙaddara ya ba ni 'yarsa Hajara. Ba zan ba ku wannan labarin ba, ba shi ya tara mu ba, ku daina wannan murmushin. Abin da ya shafi aiki shi ne daga ranar ɗaurin aure Baba ya zama surukina. Ku 'yan yanzu hannu kuke sha da surukanku, har na ga wani ya dafa kafaɗar nasa ana ɗaukarsu hoto. Mu ba haka muka taso ba. Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi. In zan gaishe shi sai na cire takalmi na durƙusa. Idona bai ƙara shiga cikin nasa ba, muryata ba ta ƙara hawa kan tasa ba. A bakin zarto ma "Baba, tsaya" ta koma "a ɗan dakata", ina faɗa kaina a sunkuye ina kallon katako. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni, haka ake yi. Kuma abin ya tafi daidai shekara da shekaru, domin mun saba da juna, yana jin sauyin kukan zarto kafin ma in buɗe baki.

Kunnen Baba na hagu ne ya fara tafiya, wanda ke fuskantar bel. Abin ba ya zuwa da ciwo, shi ya sa kuke raina shi. Rediyonsa ne ya fara damun maƙwabta. Yakan ce akwai gyare a cikin kansa da ba ya yin shiru ko da rana. In aka yi masa magana ta hagu sai ya juyo da dukan jikinsa yana cewa "Na'am?" Madam Rifkatu ce ta matsa har aka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce na hagun ya riga ya tafi ba zai dawo ba, na daman ma ya fara bin sawunsa, ko dai ya rufe shi duk lokacin da injin ke aiki, ko ya bar aikin. Madam ba ta yi wata-wata ba ta shiga Abuja ta sayo murfin kunne, irin waɗannan da ke rataye a ƙusa kuna ce musu hedifon. Ta miƙa wa kowa nasa ta ce, "Daga yau ba na son ganin kunnen kowa a waje in injin yana aiki. Maigidana ya mutu yana ce mini eh? eh? Ya ishe ni."

Shekarar nan ita ce mafi muni da na gani a sana'ar. Taransifomar layinmu ta ƙone aka bar mu watanni ba wuta. Sai aka tayar da tsohon injin dizal, aka shigo da shi cikin rumfar don tsoron ɓarayi, yana ruri a ƙarƙashin kwano tun safe har la'asar. Busasshen katako ya yi wuya, direbobi suna tsoron hanyoyin daji, ɗan abin da ke zuwa ɗanye ne shataf, in ka yanka har ruwa yake fesa maka a fuska. Ƙara ta ninka, katako mai matsewa ya ninka, a daidai lokacin muka fara koyon aiki da kunne a rufe.

Abin da ba wanda ya gaya mana game da murfin nan shi ne yana yaudarar mai shi. Da ka sa shi sai ka ji muryarka ta cika maka kai, ka ɗauka ihu kake yi, alhali raɗa kake yi. Mai jar hula, ɗauko ɗaya ka sa. Yawwa, faɗi sunanka. Ka ji kanka ko? To mu nan da ƙyar muka ji ka, kuma injin a kashe ne. Haka Baba, wanda muryarsa ke kaiwa bakin titi, ya koma yana motsa leɓe kamar mai lazimi. Ni da kunnena ke lafiya, in mutum ya ɗaga murya sosai ina tsintar maganarsa ta cikin murfin, har ma na fi tsinta fiye da da, don ƙarar ta daina dukan kaina. Amma Baba kunne ɗaya gare shi, shi ma ba cikakke ba. Murfin ya kwashe ɗan abin da ya rage, kukan zarton da ya dogara da shi duk rayuwarsa ya koma masa can nesa.

Ga kuma gaisuwa. Kun san masu zuwa mana. Kafintoci masu rufin gidaje, masu kujeru daga kudu da ke son komai a goge sumul, manoma daga ƙauyuka masu neman allon ƙofa, da ma'aikatan Abuja da ke leƙowa da sassafe suna duba agogo kada mota ta bar su. Kowannensu in ya shigo wajen Baba yake nufa. Sannu da aiki, ya gajiya, ya iyali, ya jikin. Baba kuwa ba zai bar gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Sai ya ɗaga murfin, ta ɓangaren dama, kunnen da ake ƙoƙarin ceto, ya miƙa shi gaba a gefen injin dizal yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Alhali likita ya ce wannan 'yar ɗagawar tana rushe amfanin wunin. Rana ɗaya da bai ga wani dillali ba balle ya amsa masa, mutumin ya zaga layin nan kaf yana cewa Ɗanladi ya samu duniya ya daina amsa sallama. Maganar ta yi wa Baba zafi ƙwarai.

Aikin da ya kawo ƙarshen wannan kame-kamen na Bulus ne, wani kafinta mutumin Filato da ya daɗe yana kawo mana aiki. Rufin gida ya samu a unguwar Chaza, na wani ma'aikaci da ya gaji da haya ya lallaɓa ya yi nasa. Maɗobiya ce doguwa, ɗanya, mai murɗaɗɗen jiki. Mun wuce rabi na ga tsagar tana rufewa. Na cusa fegi, ta tofar da shi. Na ce, "A ɗan dakata." Katakon ya ci gaba da zuwa. Na ƙara murya kaɗan, ina kallon tsagar, na ce, "Baba, a dakata." Ba ni da hannun ɗagawa, duka biyun suna riƙe da katako, in na saki ma wata masifar ce. Sai na ji an fizge shi daga hannuna. Innalillahi! Ya koma da baya ya daki Baba a gefen ƙirji ya watsa shi jikin tarin alluna. Bulus ne ya kashe injin. Muka ɗauke shi yana numfashi da ƙyar, a asibiti aka ce haƙarƙari ya tsage, Allah ya taƙaita bai taɓa huhu ba.

Ya yi makonni a kwance. Ranar da ya dawo ya ɗauki murfin ya rataye a ƙusa, ya tsaya a bayan tebur kunnensa a buɗe, ya ce a tayar da injin. Madam ta fito daga ɗan ofishinta ta tsaya a gabansa.

"Baba, abeg, sa abin nan."

"Shi ya kusa kashe ni, Madam. Da kunnena a buɗe da na ji katakon yana kuka."

"In ka bar shi a buɗe, baɗi ba za ka ji ko aradu ba. Ko ka sa, ko ka koma bakin ƙofa kana karɓar baƙi. Ba zan kore ka ba, amma ba zan bar ka a kan inji haka ba."

"Bakin ƙofa? Ni? Gara a mayar da ni gida a shimfiɗa mini tabarma."

Ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya zaɓa, kafin nan ba zai taɓa zarto ba sai da murfi. Gaskiyarta ce, shi ma gaskiyarsa ce. Gaba kura baya siyaki. In ya rufe kunne ba ya jin mai ja, haƙarƙarinsa na cikin haɗari. In ya buɗe zai kurmance. In kuma aka zaunar da shi, na san irin mutanen nan, zama ke gama da su da wuri, ga gida cike da masu ci a hannunsa. Na shiga damuwa sosai, kuma ba ni da bakin da zan yi masa magana.

Wata Juma'a da la'asar muka je gaishe shi ni da Hajara. Na durƙusa na gaishe shi, bai ji ba, na sake, bai ji ba, sai da surukata ta taɓa shi. Amma ina zaune a gefe na ga Hajara ta jawo kujera ta zauna a gabansa, suna ta hira har yana dariya, ba ta ma ɗaga murya can ba. A hanyar komawa gida na kasa haƙuri.

Na ce, "Ke yaya yake jin ki, ni ba ya ji na?"

Ta ce, "Ni bakina yake kallo. Kai tun da ka aure ni me yake gani in ban da tsakiyar hularka?"

"To so kike in tsura wa mahaifinki ido in daka masa tsawa? A gaban mutane?"

"So nake ubana ya tsufa da kunnensa da haƙarƙarinsa. Ladabin nan naka ka ajiye masa a zaure, zai same shi in ya dawo daga aiki."

Na ce mata ba ta da kunya. Ta ce ina za ta samu, ai ni na kwashe duka ban rage wa kowa ba.

Maganarta ta zauna mini, amma ba ni zan kai wa Baba ita ba, suruki ba ya zuwa ya ce a ba shi izinin rashin kunya. Bulus na samu, domin tun ranar da katakonsa ya yi ɓarna yake zarya gidan Baba da lemo, kuma su biyun suna wasa da juna. Ya ce, "Ka bar ni da tsohon." Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san washegari Baba ya riga kowa zuwa. Ya ɗebo tsohon baƙin mai a gwangwani, ya tsoma kara, ya ja layi a ƙasa ya kewaye teburin zarto. Shi ne wannan da kuke takawa kullum, da muka sake shi da fenti. Ya kira Madam, ya kira Bulus, ya kira ni.

Ya ce, "Ku zama shaida. Daga layin nan zuwa ciki ba ni da suruki, Ya'u ma ba shi da suruki. Mai turawa ne da mai ja. In ya ƙetara waje ya ci gaba da durƙusonsa, ina so. Amma in yana ciki ya sunkuyar mini da kai, ban yafe ba."

Ya juya ya ciro murfin daga ƙusa ya sa da hannunsa.

Ranar ba mu yanka komai ba. Muka tayar da injin muna gwada magana a cikin ƙararsa. Muka zubar da duk dogayen kalmomi na ladabi, muka bar gajeru waɗanda fasalinsu a baki ba ya kama da juna: tsaya, turo, saki, kashe. Wanda aka gaya wa sai ya maimaita da bakinsa, in bai maimaita ba to bai ji ba, kada ka yarda da gyaɗa kai, kurma ma yana gyaɗa kai. Muka yi doka cewa mai murfi ya ɗaga murya har sai ya ji a kansa kamar yana faɗa da wani, sannan ne ta isa. Wurin da nake tsayawa duhu ne, Baba ba ya ganin bakina sosai, sai Bulus ya hau ya cire fallen kwano ɗaya ya sa na roba mai shigo da haske. Madam ta sa aka fitar da injin dizal bayan rumfa aka kewaye shi da bulo. Awo kuma muka daina faɗa da baki, da alli ake rubutawa a kan katakon.

Gaisuwa ce ta fi ba mu wuya, har Baba da kansa ya samo mata hanya. Ya ce in baƙo ya shigo zai dunƙule hannu ya jinjina masa, ai ko sarki jinjina ake yi masa bai ce an raina shi ba. Madam ta sa benci a wajen layin, ta ce duk mai son doguwar gaisuwa ya zauna, in an kashe injin Baba zai fito ya tambaye shi har lafiyar kajinsa. Da farko wasu sun yi gunaguni, daga baya suka saba, har su ke fara jinjinawa daga ƙofa.

Amma gwaji a rumfa ba kowa daban ne da ranar gaske. A gwajin, gaskiya, haɓarsa nake kallo, muryata kuma tana fita rabi-rabi. Allah ya sa kwanakin nan malaina muka yi ta samu, ba ta matse mu ba. Wata yana gab da ƙarewa sai ga dattawan unguwar Wambai sun kawo ƙirya, za a yi wa masallacin unguwarsu sabuwar ƙofa. Cikinsu har da yayan Baba, wanda shi ya yi wa Hajara walicci ranar aurenmu. Suka jeru a kan benci da manyan rigunansu. Madam ta fito ta tsaya a bakin ofis ta harɗe hannu, kowa ya san abin da take jira ta gani.

Allon farko ya wuce lafiya. Na biyu mai kauri ne, da wani ƙulli a tsakiyarsa. Muna isa ƙullin na ga tsagar ta fara tsukewa. Na cusa fegi, ya shiga, sai na ga itacen yana danne shi yana lanƙwasawa. Wallahi harshena har ya ɗauko "a ɗan dakata", kaina yana ƙasa, ina jin idanun dattawan nan a ƙeyata. Sai na ɗaga kai. Rabona da kallon cikin idon Baba tun kafin aurena. Na ga sun tsufa, gefensu ya yi fari, kuma ashe ni yake kallo, bakina yake jira. Na buɗe murya gaba ɗaya, irin wadda ban taɓa yi wa ko ɗana ba.

"TSAYA!"

Ya tsaya cak. Bakinsa ya ce, "Tsaya." Na ce, "KASHE!" Ya danne katakon da ƙugunsa ya miƙa hannu ya sauke bel. Faifan ya yi ta raguwa har ya tsaya a cikin itacen, a matse gam, sai da muka sa guduma da manyan fegi kafin muka raba su.

Yayan Baba ya riƙe haɓa ya ce, "La'ilaha illallahu! Ɗanladi, wannan ba mijin Hajara ba ne?"

Baba bai ji ba, murfin na kansa. Ya ga dai fuskokinsu. Ya tako a hankali ya ƙetare layin, ya cire murfin, ya juya kunnen dama ya ce, "Yaya, me ka ce?"

"Na ce yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaro ya tsura wa surukinsa ido yana daka masa tsawa kamar ya kama ɓarawo."

Baba ya ce, "Yaya, da ya yi mini ladabi yau, da a ƙofar masallacin nan za ku sallace ni kafin a kafa ta."

Ni kuwa na ƙetare layin na cire takalmi na durƙusa. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma a lokaci guda na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji a wurin aiki ba. Baba ya ce in tashi mu ƙarasa wa mutane ƙofarsu. Wata ya ƙare, wani ya kama, Madam ba ta sake tayar da maganar bakin ƙofa ba.

Sauran abubuwan da kuka tarar daga baya suka zo. Da muka fara sa takunkumi saboda garin katako baki ya ɓuya, shi ne muka haɗa jan ƙwan lantarkin nan a gaban mai turawa, wanda mai ja ke takawa da ƙafa. Ɗan Madam da ke aiki da kamfanin gine-gine ya taɓa kawo wa Baba murfi mai batir, wanda ke danne ƙarar inji ya bar muryar mutum ta shigo. Abu ne mai kyau, Baba ya ji daɗinsa, in kun samu hali ku saya. Amma batir yana mutuwa, ƙwai yana ƙonewa, kuma ba ɗayansu da zai yi maka amfani in kana jin nauyin wanda ke gabanka. Na lura da ku. Kai kana tsoron yi mini ihu don na haife ka, wancan kuma yana ɗaga murfi duk lokacin da wayarsa ta motsa a aljihu. Duka biyun ba na so. A cikin layin nan ku dube ni a ido ku yi mini tsawa, a wajensa kuma ku gaishe ni kamar 'ya'yan mutane.

Baba ya ƙara shekaru masu yawa a bayan teburin nan, kuma da ya bari gwiwa ce ta sauke shi. Sa'o'insa na layin 'yan katako kuna ganinsu a majalisa, ana hira suna murmushi suna bin bakin mutane da ido, in an yi dariya su yi, ba su san abin da aka faɗa ba. Tausayinsu nake ji, domin ba wanda ya gaya musu da wuri.

Juma'ar da ta wuce na je Wambai gaishe shi. Na same shi a zaure a zaune, ya ba ƙofa baya, yana ɗaura carbinsa da ya tsinke. Na cire takalmi na durƙusa a bayansa ta dama, na sunkuyar da kai, na ce a hankali, yadda ake gaida suruki, "Baba, barka da Juma'a."

Bai juyo ba, bai nemi bakina ba. Ya ce, "Barka kadai, Ya'u. Ya mutanen gidan?"

Kunnen daman nan ya ji ni sarai. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau, Baba."